Darasin Tattalin Arziki: Nau'o'in Mallakar Fili da Haƙƙin Baƙo a Ƙasar Gana

A cikin watan Agusta na shekarar 2019 wani wa'adi na shekara 50 ya cika a ƙasar Gana, wanda ya shafi baƙi masu gidaje da filaye a can. Tsarin mulkin ƙasar na 1992, a sashe na 266, ya tanadi cewa duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne, kuma yake riƙe da fili a matsayin mallakar dindindin a ranar 22 ga Agusta, 1969, to mallakarsa ta rikiɗe ta koma haya ta shekara 50 daga wannan rana. Haka kuma wanda yake da hayar da ta zarce shekara 50, an rage masa ita zuwa 50. Mutum yana iya kasancewa ya biya kuɗinsa lakadan, ya gina gida, ya haifi 'ya'ya da jikoki a ciki, amma a idon doka ɗan haya ne mai ranar tashi.

Darasinmu na wannan fitowa zai duba wannan al'amari ne, domin Gana tana cikin ƙasashen da 'yan kasuwarmu suka fi zirga-zirga tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kuma har yau akwai 'yan Nijeriya masu yawa da ke zaune a Akra da Kumasi da Tamale. Da yawa daga cikinsu, idan kasuwa ta yi albarka, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne sayen fuloti. Kafin mutum ya zuba jarin da ya yi shekaru yana tarawa, ya kamata ya san abu uku: wane ne mai ƙasar tun asali, wane irin haƙƙi ake sayar masa, kuma wace takarda ce za ta tsaya masa a gaban alƙali.

Wane ne mai ƙasa?

Mai karatu ɗan Nijeriya ya saba da tsarin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi kuma yake ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99. A Gana abin ya sha bamban. Kimanin kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasar suna hannun masu sarautun gargajiya da dangogi da iyalai, yayin da gwamnati take riƙe da kimanin kashi 20 kacal.

A kudancin ƙasar, musamman a yankunan Akan irin su Asante, ana jingina ƙasa ga kujerar sarauta, shi ya sa ake cewa filin kujera. A arewa, inda sarakuna ke zama a kan buzu, ana cewa filin buzu. A wasu yankuna na arewa kuma, mai kula da al'adun ƙasa da ake kira tindana shi ne ke riƙe da ita a madadin jama'arsa. A wasu sassa na Akra da yankin Bolta, filaye da yawa na iyalai ne da dangogi. A dukkan waɗannan, sarki ko shugaban iyali ɗan amana ne kawai. Ƙasar ta al'umma ce, kuma ba shi da ikon ba da ita shi kaɗai sai da amincewar manyan fadawansa ko dattawan gidan. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa, kamar zinariya, na gwamnati ne ko a filin wa aka same su.

Nau'o'in haƙƙi guda shida

Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta tattara dokokin da ke warwatse, ta kuma lissafa haƙƙoƙi shida da mutum ke iya samu a kan fili.

Na farko shi ne tushen mallaka, wato haƙƙin da babu wani a samansa. Wannan na gwamnati ne, ko kujera, ko buzu, ko dangi, ko iyali, a wasu lokuta ƙalilan kuma na mutum ɗaya. Duk sauran haƙƙoƙi daga jikinsa ake yanko su.

Na biyu da na uku su ne mallakar dindindin, ɗaya bisa al'ada, ɗaya kuma bisa dokar da aka gada daga Turawan Ingila. Dukkansu ba su da ranar ƙarewa, ana gadonsu, ana sayar da su. Amma tsarin mulki ya hana ƙirƙiro sabuwar mallakar dindindin a kan filin kujera ko na buzu ga kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, dokar 2020 kuma ta faɗaɗa hanin ya haɗa da filayen dangi da na iyali. Saboda haka irin wannan mallaka da ake gani a yau tsohuwa ce, kuma ba ta da yawa.

Na huɗu shi ne haƙƙin cin moriya, wanda ɗan asalin gari yake samu saboda kasancewarsa ɗan wannan kujera ko wannan iyali. Yana noma, yana gini, 'ya'yansa suna gada, amma tushen ƙasar yana nan a hannun al'umma.

Na biyar shi ne haya mai wa'adi, wato a ba mutum fili na wasu shekaru da aka ƙayyade, yana biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ɗan ƙasa galibi yana samun shekara 99 idan filin zama ne. Mafi yawan abin da ake kira sayen fili a biranen Gana irin wannan haya ce.

Na shida shi ne zaman noma bisa al'ada, wanda ya shahara a gonakin koko. Akwai abunu, inda mai gona da manomi suke raba amfani biyu, akwai kuma abusa, inda ake kasa shi uku. Ta wannan hanya ce ma'aikata da yawa daga arewa da ƙasashen maƙwabta suka shiga noman koko ba tare da sun mallaki ƙasa ba.

Iyakar baƙo

Daga cikin waɗannan shida, abin da baƙo zai nema don gida ko shago ko masana'anta shi ne na biyar, kuma ba zai wuce shekara 50 a karo ɗaya ba. Duk wata yarjejeniya da ta ce ta ba baƙo mallakar dindindin, tsarin mulki ya ce ɓatacciya ce tun daga tushe. Ko da mai sayarwa ya yarda, ko da shaidu sun sa hannu, ko da an biya kuɗi, kotu ba za ta tabbatar da ita ba.

Wajibi ne a fahimci wanda doka take kira baƙo. Hausawan zango da yawa, a Nima da Sabon Zango na Akra da zangon Kumasi, 'yan ƙasar Gana ne cikakku, kuma wannan iyaka ba ta shafe su ba. Amma haihuwa a cikin ƙasar ita kaɗai ba ta isa ba: a tsarin mulkin 1992, wanda aka haifa bayan fara aiki da shi yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Kazalika, yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Gana ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, ta kuma buɗe masa hanyar neman izinin zama da kafa sana'a, amma ba ta mayar da shi ɗan ƙasa ba. A batun fili, matsayinsa ɗaya ne da na mutumin Ingila ko na Sin.

Akwai hanyoyi biyu da mutane suka saba bi don kauce wa wannan iyaka, kuma dokar 2020 ta toshe su. Ta farko ita ce kafa kamfani a Gana a sayi fili da sunansa. Doka ta ce kamfanin da baƙi suke da fiye da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa, baƙo ne shi ma. Ta biyu ita ce aure ko haɗin gwiwar kasuwanci da ɗan ƙasa. Doka ta ce waɗannan ba sa ɗage iyakar daga kan baƙon. Akwai kuma hanya ta uku da ta fi haɗari, wato rubuta sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa a takarda bisa amana ta baki. Ranar da aka saɓa, ko mai sunan ya rasu magadansa suka taso, wanda ya biya kuɗin zai shiga kotu ne yana neman a tabbatar masa da abin da doka ta hana shi riƙewa tun farko. Hanyar da ta halatta ita ce neman zama ɗan ƙasa. Gana ta amince da riƙe ƙasa biyu tun gyaran tsarin mulki na 1996, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma bai hana haifaffen ɗan ƙasa karɓar wata ƙasa ba.

A cikin iyakar shekara 50 ɗin kuwa, baƙo yana da haƙƙi mai ƙarfi. Yana iya gini, ya ba da haya, ya jinginar ga banki, ya sayar da ragowar wa'adinsa, ya kuma bar wa magadansa. Idan gwamnati ta karɓi filin don amfanin jama'a, sashe na 20 na tsarin mulki ya wajabta biyan diyya mai adalci ba tare da jinkiri ba.

Lissafin shekara hamsin

A nan ne ilmin tattalin arziki yake da abin cewa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa hayar shekara 50 rabin darajar ta shekara 99 take da ita. Lissafi bai nuna haka ba, domin kuɗin da za a samu nan da shekara 60 ba su da nauyi a yau kamar kuɗin da za a samu baɗi.

Alal misali, mu ɗauki gida mai kawo kuɗin haya iri ɗaya kowace shekara, mu kuma ƙaddara cewa jari yana iya samun ribar kashi 10 cikin 100 a wani wuri. A bisa wannan ƙiyasi, hayar da ta rage shekara 50 cif tana da kimanin kashi 99 cikin 100 na darajar mallakar dindindin. Idan saura shekara 20, darajar ta sauko zuwa kimanin kashi 85. Idan saura 10, ta koma kimanin kashi 61. Idan saura biyar, ba ta kai kashi 40 ba.

Abin da wannan ke koyarwa shi ne, a ranar saye iyakar shekara 50 ba ta cutar da mai jari sosai ba. Asarar tana taruwa ne a ƙarshe, kuma galibi a kan magada take faɗawa. Mutumin da ya sayi fili yana ɗan shekara 40, wa'adin zai cika ne lokacin da jikokinsa suke cikin gidan. Daɗin daɗawa, banki ba ya sha'awar karɓar jinginar gidan da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, mai saye ma zai taya da arha. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: shekara nawa suka rage? Mai sayar da gida ba zai iya ba da abin da ya fi nasa ba. Idan kamfanin gine-gine ya karɓi fili daga kujera, kuma saura masa shekara 35, to 35 ɗin ce iyakar abin da mai saye zai samu.

Tambaya ta biyu ita ce ta sabuntawa. Dokar 2020 ta ba 'yan ƙasa da suka gina filayensu kariya wajen sabunta haya idan wa'adi ya cika. Baƙo ba shi da wannan gata sai in an rubuta shi ƙarara a cikin yarjejeniya. Saboda haka layi ɗaya da ke cewa mai haya yana da zaɓin sabuntawa, tare da bayanin yadda za a ƙayyade kuɗin, yana iya fin duk wani ragi da aka yi masa a farashi. In babu shi, fili da ginin da ke kansa suna komawa ga mai tushen mallaka.

Takardu da bambancinsu

Ana yawan cuɗanya takardu uku. Ta farko ita ce takardar rabon fili da fadar sarki take bayarwa bayan an biya abin da a al'adance ake kira kuɗin sha, a arewa kuma kuɗin goro, wanda a birane ya zama farashin kasuwa sosai. Wannan takarda matakin farko ce kawai. Ta biyu ita ce cikakkiyar yarjejeniyar haya, mai ɗauke da sunayen ɓangarori, da wa'adi, da kuɗin ƙasa, da taswirar da safiyo mai lasisi ya zana. Ta uku ita ce shaidar rajista daga Hukumar Filaye.

Rajistar ma iri biyu ce. Akwai rajistar takardu, wadda ta samo asali daga dokar 1962. A nan hukuma tana adana takardar ne, tana kuma ba wanda ya riga yin rajista fifiko, amma ba ta lamunce cewa wanda ya sayar shi ne mai filin na gaskiya ba. Akwai kuma rajistar mallaka, wadda aka shigo da ita a 1986, aka fara da Akra da wasu sassan Kumasi. A wannan tsari ana bincike, ana sanarwa ga jama'a don mai ƙorafi ya fito, sa'an nan a ba da satifiket wanda gwamnati take tsaya wa. Wannan ita ce takarda mafi ƙarfi a ƙasar, kuma ita bankuna suka fi so.

Babbar cutar kasuwar filaye a Akra da kewayenta ita ce sayar da fuloti ɗaya ga mutane da dama, musamman inda ake rikicin sarauta, kowane ɓangare yana ba da tasa takardar. Daga nan ne 'yan daban tsaron fili suka samu sana'a, suna hana gini sai an biya su. Dokar 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga masu wannan aiki, ta kuma wajabta wa masarautu kafa ofisoshin adana bayanan filayensu. Duk da haka, baƙon da ba shi da dangi a gari shi ne ya fi sauƙin faɗawa tarko, don haka shi ya fi buƙatar taka-tsantsan.

Matakan da suka kamata

Kafin a biya ko sisi, a ɗauki safiyo na kai ya auna filin, a kai taswirar Hukumar Filaye a nemi binciken hukuma a rubuce. A tambayi maƙwabta da masu gini a kusa wanda ya sayar musu. A sa lauya ya duba ko akwai shari'a a kan filin. Idan filin iyali ne, a tabbatar shugaban iyali da manyan dattawa sun sa hannu. Idan na kujera ne, a nemi amincewar Hukumar Filaye ta yankin. Idan daga hannun mutum ɗaya ne, a tuna cewa dokar 2020 ta hana miji ko mata sayar da filin da aka saya a cikin zaman aure sai da rubutaccen izinin abokin zama. A biya kuɗi ta banki, a biya harajin hatimi, a yi rajista ba tare da ɓata lokaci ba.

Bayan saye, a riƙa biyan kuɗin ƙasa a kan kari, a adana rasit. A filin kujera, ofishin mai kula da kuɗin filayen sarauta ne ke karɓa. Yana cire kashi 10 cikin 100 na gudanarwa, sauran kuma a raba: kashi 25 ga kujera, 20 ga majalisar gargajiya, 55 ga ƙaramar hukuma. Rashin biya saɓa yarjejeniya ne, kuma hujja ce a hannun mai ƙasa ranar da aka zo batun sabuntawa.

Har ila yau akwai maganar gado. Ƙa'idar da aka saba bi a duniya ita ce dokar ƙasar da fili yake ita ce ke hukunci a kansa. Gana tana da dokar rabon gadon wanda bai bar wasiyya ba tun 1985, kuma kason da ta tsara ya bambanta da na shari'ar Musulunci. Mai gida a can ya nemi shawarar lauya da malami tun yana da rai, ya rubuta abin da ya dace.

Sauran ƙasashe a taƙaice

Gana ba ita kaɗai ke da irin wannan iyaka ba. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya tsayar da baƙo a hayar da ba ta wuce shekara 99 ba. A Dubai, tun 2002 aka buɗe wa baƙi mallakar dindindin, amma a unguwannin da gwamnati ta ware kawai. A Ingila babu hani saboda ƙasar da mutum ya fito, sai dai yawancin gidajen bene haya ce mai wa'adi, kuma tun 2021 wanda ba mazaunin ƙasar ba yana biyan ƙarin harajin kashi 2 cikin 100 wajen sayen gida. A ko'ina, tambayoyin nan uku da muka fara da su ba sa canzawa.

Tarihi ma yana da nasa darasin. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Gana, mutane da yawa suka tafi suka bar gidaje da shaguna, wasu suka sayar da hasara. A 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Gana makamancin haka. Dangantakar ƙasashen biyu ta daɗe da gyaruwa, amma abin da ya faru ya nuna cewa fili ba kayan da ake naɗewa a sa a mota ba ne. Wanda zai zuba jari a ƙasar da yake baƙo, ya gyara takardun zamansa kafin na filinsa, ya ajiye kwafin komai a gida, ya kuma sanar da iyalinsa shekarar da wa'adi zai cika.